Jirgin Safe Zuwa Tromsø

Hayaƙi bai gama lafawa ba aka fito da gawar Halvdan daga rumbunsa na bakin teku. Da tsakar ranar Talata wutar ta tashi, lokacin da duk mai ƙarfi a garin Skarvnes yake cikin masana'antar kifi, ga rumbun can a bayan gari, gindin dutse. Kafin a kai ɗauki babu abin da ya rage sai ginshiƙai da kwarangwal ɗin kwalekwale. Warin fetur kuwa, ko mai mura ya ji shi.

Halvdan ba mutumin kirki ba ne, kuma ba za a yi masa ƙarya don ya mutu ba. Ya yi shari'a da rabin gari. Amma mutanen Skarvnes wasu irin mutane ne: da an yi mutuwa sai kowa ya manta da nasa faɗan, ya tuna na baƙo. Kafin yamma magana ɗaya ce a bakin kowa, wai ɗan Lituwaniyan nan ne, Gintaras, mijin Risten. A jirgin kamun kifin Halvdan yake aiki. Makon da ya wuce tsohon ya kore shi a ƙofar kanti, ya kira shi ɓarawo a gaban jama'a, shi kuma da zuciya ta ɗebe shi ya ce, "Allah ya sa ka ƙone, kai da jirgin naka!" Mutum goma ne suka ji, amma yanzu gari duka yana rantsuwa yana wurin.

Ravna, uwar Risten, ba ta wurin, kuma ba ta rantse ba. Shekarunta sittin da 'yan kai, aikinta bin sawun namun dajin da ke kashe wa makiyaya barewar kiwo. Ta sa takalmanta ta nufi rumbun. 'Yarta na kwance a asibitin birnin Tromsø tana jiran haihuwa, jininta ya hau, likitoci sun ce kada a kuskura a tayar mata da hankali.

*

A bakin tokar ta tarar da Terje, ɗan sandan da aka turo daga babban garin gunduma.

"Ravna, ke surukar Gintaras ce. Bai ma kamata in bari ki tako nan ba."

"To kore ni mana," ta ce, ta wuce shi.

Ya nuna mata sawun. Manyan takalma, sun zo har ƙofar rumbu sun koma. Na Gintaras ne, shi da kansa bai musa ba, ya ce da safe ya zo ɗaukar rigar ruwansa. Ravna ta durƙusa, ta cire safar hannu, ta hura cikin sawun a hankali.

"Duba nan. Toka a sama, ƙarƙashinta sabuwar dusar ƙanƙara, sannan sawun. Dusar nan da hantsi ta sauka. Ya zo ya tafi tun kafin ta sauka, wuta kuma sai tsakar rana."

"Zai iya dawowa ta bakin ruwa, inda ba ya barin sawu."

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba. Amma ya yi barazana, ga sawunsa, kuma babu wanda ya san inda yake da tsakar rana." Terje ya murza idonsa, gajiya ta kama shi. "Ba mugunta nake yi ba. Jibi da safe zan tafi da shi a jirgin sama. In kina da abin da ya fi wannan, kawo min kafin lokacin."

A ɗakin ajiya na ofishin gari aka rufe Gintaras. Ƙaton mutum, amma ya zauna a kan akwatin takardu ya takure kamar wanda ruwa ya daka.

"Mama, ban yi ba."

"Na sani. Ina kake da tsakar rana?"

"Ina gida, ina haɗa gadon jariri. Ni kaɗai." Ya ɗago kai. "Don Allah kada ki gaya wa Risten. Ran Juma'a na ce mata zan zo. In ta ji an kulle ni…"

"Rufe min baki, ka ci abincinka," Ravna ta ce da faɗa, don in ba faɗan ta yi ba kuka za ta yi.

*

A kantin Oddny labari yake kwana ya tashi. Da Ravna ta shiga aka yi tsit, irin tsit ɗin da ya fi zagi ciwo.

"Ku ci gaba mana," ta ce. "Ko ni ma na ƙona wani ne?"

Steinar, ɗan marigayin, yana jingine da teburin kanti, hannunsa na dama ɗaure da bandeji. Ravna ta tsaya a kansa.

"Me ya sami hannun?"

"Wuta. Ni na ja ƙofar."

"An ce kun yi da tsohon a kan sayar da jirgin kifi."

"Mun yi, kullum ma yi muke!" Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Amma ina kan layin yanka kifi aka ce ga hayaƙi, ki tambayi duk wanda kika ga dama. Ubana ne fa, Ravna. Kullum bayan abincin rana a cikin kwalekwalen nan yake kwanciya, don ya ce a gida uwata ba ta barinsa ya runtsa. Ni da ita kaɗai muka sani."

Ravna ta dube shi da kyau, ta ga ba ƙarya a fuskarsa. Ta ji kunya, ta dafa kafaɗarsa.

Oddny, wadda ba a taɓa gama magana ba ta sa nata ba, ta leƙo daga bayan sikeli.

"Ke in maƙiyan Halvdan za ki ƙirga, ai sai ki kwana a nan. Ni ma ya kai ni ƙara a kan kwata. Ga ƙanenki Aslak makiyayi, da shingen wayar da tsohon ya kafa a hanyar garke bara, 'yan barewarsa nawa suka mutu a jikin wayar nan? Mutum ya yi kuka kamar mace. Shi dai ya ci sa'a, yana sama lokacin. Gari duka ya gan shi yana hawa jirgin sama, rungume da tukunyar furenki kamar ango."

Aka yi dariya, har Ravna ta ɗan murmusa. Al'adar garin ke nan, ba a hawa jirgin safe hannu sake. Wannan ya ba ka busasshen nama ka kai wa ɗansa, wancan safa, wancan magani. Da Aslak ya ce zai je Tromsø ganin likitan haƙori, sai ta naɗe furen da ke tagar ɗakin Risten da jarida, ta ce ya riƙe shi a cinya har gadon asibiti, yarinyar ta ga wani abu na gida.

*

Washegari da gari ya waye ta koma rumbun, ta bar gaba inda kowa ya tattake, ta zaga baya. Ba iska, sanyi kuwa har cizo yake. A irin wannan rana ƙanƙara ba ta ɓoye komai.

Ba ta yi nisa ba ta gani. Wani ya sauko daga dutse a kan katakon zamiya, irin wanda ake ɗaurawa a ƙafa a bi ƙanƙara, ya tsaya bayan rumbun, ya koma ta inda ya fito. A gefen sawun akwai zagayen gindin jarka. Ravna ta ɗaura nata katakon ta bi. Hawan ya yi tsanani, numfashinta na fita da ƙyar, amma sawun bai yi kwana ko ɗaya na banza ba. Duk inda ƙanƙara ke yaudarar baƙo ta rufta da shi, mutumin nan ya kauce. Wanda ya san dutsen ne tun yana yaro.

A bayan tudu na farko sawun katako ya ƙare, na babur ɗin ƙanƙara ya fara. Bai nufi gari ba, gabas ya miƙa.

"Gabas?" ta ce a fili. "Me ke gabas?"

Babu komai a gabas sai Lomfjord, kuma a Skarvnes ba a ɗaukar Lomfjord a matsayin maƙwabta. A mota sai ka zaga bakin teku kusan awa biyar, in ma hanyar a buɗe take. Ta koma gida ta ɗauko nata babur, ta bi sawun ta kan tsauni. Awa ɗaya da rabi ba ta cika ba sai ga ta a kan gangare, ga rufin gidajen Lomfjord a ƙasa, ga ɗan filin jirginsu shimfiɗe a bakin ruwa. Sawun ya gangara ya ɓace cikin na mutanen gari.

Tana tsaye ta ji ƙugi a sama. Jirgin safe ne, ya taso daga Skarvnes, ya wuce ta kanta, bai ko gama hawa ba ya fara sauka. Haka yake kullum, ya tsaya a Lomfjord, ya tsaya a wasu garuruwa uku, kamar motar haya, kafin ya kai Tromsø. Ta kalle shi ya taɓa ƙasa, mutum biyu suka sauko, wasu suka hau, ya tashi. Bayan ɗan lokaci ma'aikacin filin ya fito ya kulle ƙofar ɗakin jira ya tafi abinsa, sai jirgin yamma kuma.

Nan Ravna ta shiga lissafi. Mutum biyu ne suka hau jirgi daga Skarvnes ran Talata, tsohuwa Borghild da Aslak.

"A'a," ta ce. "Lomfjord ma akwai maƙiyan Halvdan." Ta tayar da babur da ƙarfi.

*

Borghild ta dawo da jirgin yamma. Ravna ta same ta a kicin tana jiƙa ƙafa a ruwan zafi.

"Tare kuka tafi da Aslak?"

"Tare mana. Shi ya ɗaukar min jaka, yaron kirki. A bayana ya zauna."

"Kun yi hira a hanya?"

"Hira? Ke 'yar nan, kin san ni da jirgi! Tun a ƙasa nake haɗiye ƙwayata, in ja mayafi in rufe fuska, in ce wa Ubangiji ga ni nan. Wannan sauka da tashi, sauka da tashi, hanjina har wuya. Ban buɗe ido ba sai da yarinyar jirgi ta girgiza ni ta ce mun iso."

"Da kuka sauka, kin gan shi?"

Borghild ta gyara ƙafa cikin ruwan. "Surukina ne ya zo ya kama ni, kaina na juyawa. Ban nemi kowa ba. Me ya faru?"

"Ba komai. Ruwanki ya huce."

A hanya ta haɗu da Aslak, shi ma da jirgin yamman ya dawo. Ƙanenta ne da ta goya, bayan rasuwar uwarsu ita ta raine shi. Ya miƙa mata ledar gahawa irin ta birni.

"Yaya, na ji abin da ya faru. Ki kwantar da hankalinki, ba su da hujja a kan yaron nan, mako ɗaya za su sake shi."

"Risten ba ta da mako ɗaya."

Ya kau da ido ya kalli teku. "Tana lafiya. Ta gaishe ki."

*

Ravna ta daɗe tana kallon wayar kafin ta kira Risten.

"Mama, ina Gintaras? Tun jiya wayarsa a kashe."

"Ta faɗa ruwa. Kin san shi da rawar kai. Ya jikin?"

"Ƙafafu kamar turmi. Sun ce in jinin bai sauka ba, aiki za su yi min. Mama, tsoro nake ji, ina so ya zo."

"Zai zo." Ravna ta sauya magana. "Kawunki ya kawo saƙo?"

Risten ta yi 'yar dariya. "Kai, Kawu Aslak! Na yi ta jiransa tun rana, sai bayan an kwashe kwanukan abincin yamma ya shigo, wai likitan haƙori ya riƙe shi. Furen kuma, Mama, kada ki ji haushi, ya mutu. Da na buɗe jaridar ganyen duk ya yi baƙi ya narke, kamar alayyafon da aka dafa. Ƙasar tukunyar ma da sauran ƙanƙara a tsakiya. Ban gaya masa ba, don ya tafi kafin in buɗe."

"Ɗauki hotonsa ki turo min."

"Na me?"

"Ki turo dai."

Hoton ya shigo. Ravna ta kalle shi, ta kife wayar a kan tebur. Ta sa riga ta fita, ta je har ƙofar gidan Aslak. Tana jin motsinsa a ciki, yana magana da karensa. Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, hannun ya ƙi. Ta san in ta shiga ya ce mata "Yaya, ki rufa min asiri," ba ta san abin da za ta amsa ba. Ta juya gida.

*

Ɗakin jiran filin jirgin Skarvnes bai fi falon mutum ba, amma ran Alhamis da safe ya ɗauki rabin gari. Kowa ya sami dalili, wannan saƙo, wancan tambayar kaya. Oddny ta rufe kanti. Steinar yana bakin taga, Borghild a kujera da sandarta, Aslak a jikin ƙofa. Terje ya shigo da Gintaras, hannunsa cikin ankwa, kansa a ƙasa. Aka sanar jirgi ya kusa.

Ravna ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ta dubi ƙanenta, ta ba shi lokaci. Ya kau da kai.

"Terje, ka ce in kawo maka abin da ya fi naka."

"Ki yi sauri."

"Wanda ya sa wutar ba daga gari ya fito ba. Ta dutse ya sauko, daga Lomfjord, ya koma can. Sawun na nan, ka tura wanda ka yarda da shi."

"Lomfjord?" in ji Oddny. "Haba! Wa zai yi tafiyar yini guda don ya ƙona rumbu?"

"A mota ne yini guda. Aslak, daga nan zuwa Lomfjord a jirgi, minti nawa?"

Ya ɗan yi dariya. "Yaya, ni kika mayar ɗan makaranta? Sha biyu, kowa ya sani."

"Ta kan dutse a babur fa?"

"Ban taɓa aunawa ba."

"Na auna jiya, bai kai awa ɗaya da rabi ba. Zuwa Tromsø fa, da duk tsaye-tsayen?"

"Biyu da rabi."

"A cikin jirgin akwai sanyi?"

"Sanyi?" Borghild ta buga sanda. "Zufa nake yi sharkaf a ƙarƙashin mayafi!"

Ravna ta ciro waya, ta miƙa wa Terje. Ta nuna masa hoton.

"Furen da kuka ga na ba shi ke nan. Na ce ya riƙe shi a cinya. Awa biyu da rabi a ɗumin jirgi ba ya daskarar da tukunya har tsakiya. Sai in ta yini a waje, ɗaure a bayan babur. A Lomfjord suna kulle ɗakin jira da jirgi ya tashi, babu inda mutum zai ajiye saƙo, dole ya tafi da shi. Ya sauka a can, ya sami babur, ya hau dutse, ya dawo, ya bi jirgin yamma. Da yamma ya isa wurin 'yata. Ka kira ka tambayi inda tikitinsa na safe ya ƙare."

Ƙugin jirgi na matsowa. Terje ya ciro tasa wayar.

"Bar shi," Aslak ya ce. "Ba sai ka kira ba."

Ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin ƙofa.

"Sabuwar wayar shinge Halvdan ya sayo, tana cikin rumbun. Zai ƙara shinge bana, har bakin kogi. Ku ba ku ga abin da na kwance daga jikin wayar nan bara ba. Waya na je ƙonawa, waya kawai! Na leƙa ta taga, ba kowa. Steinar, na rantse da kabarin uwata ban san yana ciki ba."

Steinar ya yi kansa, maza uku suka riƙe shi, yana ihu yana kiran sunan ubansa. Oddny ta toshe baki da hannu biyu. Waɗanda suka rantse suna wurin ranar barazana suka shiga kallon takalmansu.

"Kwana biyu yaron nan yana kulle," Ravna ta ce wa ƙanenta, muryarta ƙasa ƙasa. "Ka ga Risten da idonka a gadon nan, ka dawo ka ce min mako ɗaya."

"Na ji tsoro, Yaya."

"Ni ma."

Terje ya kwance ankwar daga hannun Gintaras. Aslak ya miƙe da kansa ya miƙa nasa. Da aka buɗe ƙofar fita, ya tsaya a gaban Ravna, yana jira ta ce wani abu. Ta ga wuyan rigarsa a buɗe, ga iska a waje. Ta ja masa zif ɗin har haɓa, ta matsa gefe ya wuce.

Kujerar da aka kama wa Gintaras tana nan, Terje ya ce ya hau abinsa, shi zai sauka da Aslak a hanya, Gintaras ya zarce Tromsø. Ƙaton ya rungume Ravna yana kuka kamar yaro, sannan ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, in Risten ta tambaye ni Kawu fa? Me zan ce mata?"

Ravna ta kalli bayan ƙanenta yana hawa matakalar jirgi, kansa a sunkuye.

"Ka bari ta haihu tukuna," ta ce. "Wannan ni zan faɗa mata da bakina."